Wanda Ya Tsare Ƙofa

Maraɗi, daren Laraba

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai godiyar Allah. Ƙafar innarka ta yi sauƙi, har ta fara takawa zuwa gidan gwaggonka ba sanda. Gero ya shiga rumbu. Bai kai na bara ba, amma ba mu da ta cewa sai hamdala.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda cikin buhun nan, alhali ga waya a hannunka, ga waya a hannuna. Da gangan na yi. Sau uku ina ɗaukar murya ina gogewa, don da na fara sai in ji muryar tana rawa. Kuma na san inda kake sauraren saƙo: tsakiyar fada, butar shayi bisa gawayi, kowa ya kasa kunne. Wannan magana ba ta fada ba ce. Ka nemi inda za ka zauna kai kaɗai, ko da bakin kogi ne.

Ranar sunan jikar Hajiya ta bayan gida, wata ta ja innarka gefe ta gaya mata abin da ɗanta ya zo da shi daga Yamai. Kwana huɗu innarka tana daka shi a ciki ita kaɗai, ba ci ba barci, sai da na haɗa ta da Allah kafin ta buɗe baki. An ce waya ta ɓace a gidan hayar da kuke. An ce wanda kuke kira Shugaba ya ce ya san ɓarawon, wani yaro ne da ba ɗan garinmu ba, mai zuwa wurinku kallon ƙwallo. An ce da dare aka kirawo shi, aka shigar da shi ɗaki, aka zare bel. An ce har yau kunnensa ɗaya ba ya ji. Na ce da innarka, shi namu fa? Ta ce ai shi an ce ko taɓa shi bai yi ba, ƙofa kawai ya tsare kada wani ya shigo.

Don ta kwantar mini da hankali ta faɗi haka. Ba ta san nan ne maganar ta soke ni ba.

Ban yanke maka hukunci ba. Zancen gidan suna, kowa ya taɓa shi sai ya ƙara masa gishiri. In ƙarya ce ka ce mini ƙarya ce, in ba ka haƙuri gaban innarka, ba zan ji nauyi ba. Abin da ya hana ni barci shi ne, da na ji labarin bakina bai ce "ɗana ba zai yi haka ba". Da cewa aka yi ka yi sata, da dariya zan yi. Da cewa aka yi kai ka ɗaga bel, da na ce a sake bincike. Amma da aka ce ƙofa ka tsare don an ce ka tsare, sai zuciyata ta ce, wannan kam ya yi kama da shi.

A daren na rasa inda zan sa kaina, na buɗe akwatin littattafan da ka bari. Na ci karo da kayenka, littafin rubutunka na shekarar farko, mai shuɗin bango, na darasin halayyar mutum a cikin jama'a. Shekara 34 na yi ina bin kayen 'ya'yan mutane da jan bik, ban taɓa riƙe wanda ya sa ni zufa irin wannan ba. Rubutu tsaf, kowane suna ka ja masa layi. Wasu sunayen na san su tun muna makarantar horon malamai a Damagaram, wasu a wurinka na fara ganinsu. Bari in karanta maka kayenka da Hausa, tunda da alama da faransanci iyakarsa takarda.

Ka rubuta labarin Solomon Asch da gwajinsa na 1951 a Amurka. Ya tara samari bakwai ko takwas a ɗaki, ya nuna musu kati mai layi ɗaya da wani mai layi uku, ya ce kowa ya faɗi wanne cikin ukun ya yi tsawo ɗaya da na farkon. Tambayar da ɗan aji ɗaya zai amsa yana cin gyaɗa. Sai dai duk 'yan ɗakin an haɗa baki da su ban da mutum guda, shi kuma an zaunar da shi kusa da ƙarshe, don ya ji ta bakin kowa kafin ya faɗi tasa. Cikin zagaye 18, a 12 suka faɗi amsar da ba ita ba, baki ɗaya, ba mai ko murmushi. Mutum uku cikin huɗu sun bi su aƙalla sau ɗaya. In aka haɗa amsoshin duka, wajen kashi ɗaya cikin uku bin yarima ne a sha kiɗa. Alhali in aka bar mutum shi kaɗai da katin, kuskurensa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ba wanda ya zare musu ido, ba wanda ya yi musu alkawarin ko dala. Gudun zama saniyar ware ne kawai ya sa mutum ya ƙaryata idonsa.

Na tuna hutun bara kana ba ƙannenka wannan labari a gindin bedi, kana ƙyaƙyata dariya, wai ashe Nasara ma da wautarsu. Ni ma na taya ka dariyar.

Shafi uku gaba ga Stanley Milgram, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Asch ɗin kafin ya kama nasa a jami'ar Yale a 1961. Shi ba layi ya ba mutane ba, na'ura ya ba su mai maɓalli 30, daga bolt 15 har 450. Wutar da ke bangon gidanmu 220 ce, kai ka fi kowa sanin ta tun ranar firigo. Aka ce wa mutum shi ne malami, ga ɗalibi can ɗaure a ɗaya ɗakin, duk amsar da ya kuskure a danna masa wuta, kowane kuskure a ƙara. Wutar ba ta gaske ba ce, ɗalibin ma da shi aka shirya, amma mai dannawa bai sani ba. A bolt 300 yana jin ɗalibi na dukan bango, can gaba kuma shiru, ba amsa ba motsi. In ya juyo yana neman ya tsaya, sai mai kula da gwajin ya ce masa cikin sanyin murya a ci gaba, aikin yana buƙatar a ci gaba. Mutum 40 ne, ma'aikatan gidan waya, da malaman makaranta irina, da 'yan kasuwa, da leburori. Ba ɗaya da ya tsaya kafin 300. 26 suka kai har 450. Suna zufa, suna makyarkyata, suna cizon leɓe, amma hannu yana dannawa.

Milgram ya juya gwajin nan ta fuska da yawa, ka jera su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ka ba layi ɗaya tak ka wuce, ni kuwa a kansa na kwana. A wannan karon ba a ba mutumin maɓalli ba. Wani ne ke dannawa, shi nasa ɗan aikin gefe ne na taimako. 37 cikin 40 suka zauna har ƙarshe. Ka ji fa. Daga 26 zuwa 37. Da aka ɗauke masa maɓalli sai biyayyar ta ƙaru, don ya samu abin da zai gaya wa kansa: ni ai ban taɓa shi ba. Babana, kujerar nan ta gefe ita ce ƙofar da aka ce ka tsare. Mai bel ba ya samun natsuwar dukan ɗan mutane sai ya san akwai mai gadi a waje. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, tun kafin a haifi Milgram aka faɗe ta a garin nan.

Ban ƙi fada ba. Yaro ya bar gida ya yi tafiyar kilomita sama da 600, ya sauka inda ko gaisuwa sai ya koya, dole ya nemi waɗanda in ya ce Mokoyo ko Bagalam sun san inda yake nufi. Ni da bakina na ce ka nemi 'yan gida, wannan na ɗauka. Amma ka duba abin da ka rubuta a kan Henri Tajfel, a Biristol ta Ingila, wajen 1970. Ya raba 'yan makaranta gida biyu kan abin da bai taka kara ya karya ba, wai zanen wane mai zane ya fi burge su. Ko sanin su wa ke ɓangarensu ba su yi ba, amma da aka ce su raba kuɗi, kowa sai ya fifita nasa. To in zane ya yi haka, ina ga gari ɗaya da tukunya ɗaya? Ku nawa kuka kwana a gidan ranar da wayar ta ɓace? Jakar mutum nawa aka zazzage kafin a kirawo baren? Mu Katsinawan Maraɗi ya kamata mu fi kowa jin kunyar cin zalin baƙo. Gudu ne ya kawo kakanninmu bakin gulbin nan bayan an karɓe Katsina, ba da gayya suka zo ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ko innarka ba ta sani ba.

Shekarata ta biyu da dawowa aiki cikin gari, ban yi aure ba tukuna, na shiga kasuwa da kekena in sayi goro. Sai na ji ihu, ɓarawo, ɓarawo. Kafin in ankara taro ya haɗu, ni ma ƙafata ta kai ni. Yaro ne a ƙasa, bai wuce shekara goma sha huɗu ba, wannan ya sa ƙafa, wancan ya sa takalmi. Ya ɗago kai, baki duk jini, idonsa ya faɗa cikin nawa, ya ce, "Mushe!" Yaron ajina ne na bara waccan, wanda ya bar lakwal da ubansa ya rasu. A zamanin nan mushe, wato malamin lakwal, mutum ne a garin nan, in ya ɗaga hannu ana saurarawa. Na duba dama na ga alhazai, na duba hagu na ga dattawa masu furfura, na ce a raina ai ga manya, wani zai yi magana. Ka san abin da na yi? Na sunkuya ina gyara sarƙar kekena. Sarƙar da ba abin da ya same ta.

Wata tsohuwa mai daddawa ce ta ture mutane, ta faɗa kan yaron ta rufe shi da jikinta, ta ce sai dai a kashe su tare. Nan take hannuwa suka yi sanyi. Sai ga wani ya samu murya ya ce a kai shi wurin 'yan sanda, wani ya ce gaskiya ne, ni ma na miƙe daga sarƙata na ce gaskiya ne, da ƙarfi, kamar ni na fara.

A kayenka na ga sunan ciwon da na yi shekara da shekaru ina jinya. Darley da Latané, 1968. Suka sa ɗalibi ya ji wani ta na'urar magana kamar farfaɗiya ta kama shi. Waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke jin sa, 85 cikin ɗari sun tashi neman taimako. Waɗanda suka ɗauka akwai wasu huɗu da ke ji tare da su, 31 cikin ɗari. Alhaki in aka kasa shi ga jama'a, kowa sai ya ga rabonsa bai kai ƙwayar gero ba. Ni dai nawa rabon bai ƙanƙance ba. Yaron ya girma, ya yi shekaru yana tura amalanke a tasha, duk ranar da ya gan ni sai ya cire hula ya ce, "Mushe, ina wuni." Bai taɓa tayar da zancen ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya rasu shekarar da aka yi maka kaciya, ban nemi gafararsa ba.

To ka ga ba daga kan tudu nake maka magana ba.

Rabin kayen na biyu a kan hali ne, a nan kuwa na ga masanan naku suna rigimar da karin maganarmu biyu suka daɗe suna yi. Mun ce hali zanen dutse. Mun kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu a Damagaram Freud aka fi cusa mana, mai cewa mutum uku ne cikin mutum: mai kwaɗayi, da mai tsawatarwa, da na tsakiya mai neman sulhu. Bai zame mini baƙo sosai ba, don a zauren Malam mun riga mun ji nafsul ammara da lawwama da muɗma'inna, ko da yake ba kai da kai suke ba. Ku kuma na ga an fi ba ku ma'aunin nan na halaye biyar: son sabon abu, da cika aiki da tsari, da son shiga mutane, da sauƙin kai, da saurin damuwa. Ka rubuta cewa binciken tagwaye ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a waɗannan gado ne. Wannan ɓangaren masu zanen dutse ke nan. Sai Walter Mischel ya fito a 1968 ya ce a yi a hankali, sanin halin mutum ba ya gaya maka da yawa kan abin da zai aikata a wani wuri takamaimai, wurin ma yana da nasa ƙarfi. Wannan ɓangaren masu kanwa. Ni da na yi rayuwata a gaban allo ban ga abin rigima ba. Na ga yaron da ba ya iya ɗaga ido a aji ya zama zaki a filin ƙwallo, na kuma ga yadda sauya wa yaro benci kawai ke sauya shi cikin wata uku. Amma ban taɓa ganin benci ya sauya kowa da kowa daidai ba. Akwai wanda kanwar ke kamawa tun ranar farko, akwai wanda sai a hankali.

Na zauna na ɗora ka kan ma'aunin biyar ɗin nan. Biyu suka fito ƙarara: sauƙin kai da cika aiki. Tun kana ɗan shekara huɗu, in aka ba ka alewa wani ya miƙo hannu, kana hawaye kana miƙa masa. In aka aike ka, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ka kai. Duk unguwa da kai ake wa yara misali, ni kuma ina jin daɗi, ina gyara zaman hula. Ga wani abu da ba ya cikin kayenka, ni na taɓa karanta shi na ajiye a raina. Wajen 2010 an sake gwajin Milgram a Faransa, aka mai da shi kamar wasan talabijin, wajen takwas cikin goma suka kai ƙarshe. Daga baya Laurent Bègue na jami'ar Grenoble da abokan aikinsa suka bi mutanen suka auna halayensu, aka buga sakamakon a 2015. Waɗanda suka fi kai wutar sama su ne masu sauƙin kai da masu cika aiki. Mutanen kirki, masu gudun ɓata wa wani rai, masu ƙin barin aiki a rabi. Ranar da na karanta ban kawo ka a raina ba. Daren nan kuwa ba wanda na gani a ciki sai kai.

Wa ya yi wannan aiki? Rabi gadon innarka ne, Allah ya ba ta lada. Rabin kuwa ni ne. Yayarka mai taurin kai, wadda na karya tsumagiya ba adadi a kanta don tana ce mini "don me", ita ce yau ba na fargabarta ko ina ta shiga. Kai kuwa "to Baba", "to Baba". Na ɗauka tarbiyya na gama, ashe wata kalma guda na cire maka daga baki ban mayar ba.

Amma kada ka ɗauki wannan ka yi matashin kai da shi. Ka san abin da ya fitar da yayanka daga gidan nan, ka san yadda aka dawo mana da shi. Uban da ya ga wannan da idonsa, in ya matse na baya ba mugunta ba ce, kuma da za a mayar da ni shekarun nan ban ce zan saki da yawa ba. Biyayya ga uwa da uba da malami na koya maka, ban ce ka ɗauke ta ka kai wa kowane ƙato mai babbar murya ba. Wane ne Shugaba? Wa ya naɗa shi? Shi ya sayar da bijimin nan don ka yi rajista? Shekararka 22, gemu ya fito maka. Na ga takardar jarrabawarka cikin kayen, 15 bisa 20 ka ci a wannan darasi. Goma sha biyar! Wanda bai je lakwal ba in ya faɗa rami sai a ce duhu ne. Kai an nuna maka ramin, an gaya maka sunansa da zurfinsa da shekarar da aka auna shi, ka rubuta, ka ja layi, sannan ka taka ka shiga. Tsohuwa mai daddawa ba ta san Asch ba.

Na kuma san abin da kake gaya wa kanka yanzu, don shi ma yana cikin kayen. Festinger da Carlsmith, 1959. Suka ba ɗalibai aiki mai gundura na awa guda, sannan suka biya su don su ce wa na baya aikin akwai daɗi. Wasu dala 20, wasu dala 1, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Da aka tambaye su gaskiyar ransu daga baya, 'yan dala ɗaya ne suka fi cewa ai aikin da daɗinsa. Mai dala 20 ya san kuɗi ya sa shi ƙarya. Mai dala ɗaya ba shi da hujjar da za ta ishe shi, sai ya lanƙwasa zuciyarsa ta dace da bakinsa. Kai ma ba a biya ka komai ba. Saboda haka zuciyarka za ta fara aiki: ai da ma yaron idonsa na ɓarayi ne, ai da ban tsare ƙofar ba da abin ya fi haka muni, ai ba a kashe shi ba. Ni shekara nawa ina ce wa kaina sarƙar nan da gaske ta zame.

A nan tsorona yake, Babana. Daren da ya wuce ya wuce. Dare na biyu nake tsoro. Wanda ya wanke wa kansa tsaron ƙofa, gobe riƙe hannu ba zai yi masa nauyi ba, jibi kuma bel ɗin za a miƙo masa, a ce kowa sai ya sa nasa don kada wani ya kai ƙara. In na rufe ido ina ganinka cikin taro a bakin titi, ana ihu, wani ya ce a kawo taya, wani ya ce a kawo mai, aka waiga aka ga kai ne mai babur, kai ne kuma ba ka iya cewa a'a. Ina ganinka kana tafiya kana zufa kana cizon leɓe irin mutanen Milgram, kana cewa a ranka ni ai aike na aka yi. Ina jin wayata tana ƙara ƙarfe biyu na dare. Ina ganin wata uwa a wani gari da ban taɓa zuwa ba tana ɗaga hannu sama da sunanka a bakinta, sunan mahaifina. Wallahi ban ji tsoron ka faɗi jarrabawa ba, ban ji tsoron talauci a kanka ba, ko ciwo ban ji wa tsoro haka ba. Hawan jinina ya tashi, innarka ta ɗauka gishiri ne.

Ka yi haƙuri, na yi zafi. Na tashi na yi alwala na dawo.

Akwai layi biyu a kayen da na so a ce su ka ja wa jan layi. Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya, sai bin yawan ya faɗi zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake da. Milgram ya sa mutum biyu su ƙi ci gaba a gaban mai dannawa, sai 4 kawai cikin 40 suka kai ƙarshe. Na tabbata a ɗakin nan naku akwai biyu ko uku da cikinsu ya ɗuri ruwa, kowa yana jiran wani ya fara. An ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kada mu zama masu cewa in mutane sun kyautata mu kyautata, in sun yi zalunci mu yi. Ya kuma ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ke zalunci, da aka tambaye shi ta yaya, ya ce ka hana shi. In kana ƙaunar Shugaban naku, ga hanyar.

Cikin ambulan akwai jikka 25. Ba na shayi ba ne. In labarin gaskiya ne, ka nemi yaron nan da rana, kai kaɗai, ka kai shi likita a duba kunnen. Kada ka ce masa "abin da ya faru", ka ce masa "abin da muka yi maka", ka gaya masa kai ne a ƙofa. Ko ya ɗauki wayar ko bai ɗauka ba, wannan tsakaninsa da mai waya ne da hukuma. Zai yiwu ya zage ka. Ka tsaya ka ji, ni na so a zage ni ban samu ba.

Na yi magana da kawunka na Bukoki, ban gaya masa dalili ba, ya ce ɗakin zaure yana nan in kana so. Har na rubuta "ka tattara kayanka ka koma kafin Juma'a", na soke, za ka ga wurin. Na san in na ce dole za ka ce "to Baba" ka koma, ni kuma in zama wani Shugaban. Ra'ayina dai ka koma. In kana ganin zamanka a gidan ya fi, kana da hujja, ka ce mini a'a, ka kawo hujjar, in saurara har ka gama ba zan katse ka ba. Ban saba ba, amma zan gwada. Ka fara koyonta a kaina, ni ba zan zare maka bel ba.

Innarka ta sa maka ƙuli-ƙuli da yaji da garin kuka, ta ce yajin ka ɓoye shi don na wancan karon an ce kwana uku ya yi. Auta ta ce in gaya maka ta haddace izu biyu. Ka kira ni ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin innarka tana gidan gwaggonka. Kayen naka yana ƙasan buhu cikin leda, na ninke shafin Milgram.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka